Abin da na kwaso kan koyon kiɗan technical death metal

Jiya da dare mun ka zamna wurin mai shayi a Mabera muna maganar kiɗan ga, wani irin kiɗan jita da ganga mai ƙarfi da sauri da wuyar kaɗawa. Kowa ya yarda kada ka fara da gudu, kunna metronom (abin da ka buga ƙyas-ƙyas don daidaita saurin kiɗi) a waya ka aza shi bugu 60 a minti, ka maimaita layin kiɗi guda bisa jita har yatsu su saba sannan ka riƙa ƙara biyar-biyar, don in ka yi gaggawa sautin cakuɗewa yakai. Wani yayanmu mai ganga ya ce saurin buga babbar ganga da ƙafa biyu daga idon sawu yake, ya nuna muna bisa benci har kofuna na rawa. A saurari ƙungiyoyin masu irin kiɗan ga, Necrophagist na Jamus da Death na Amurka. Gumin Sakkwato kuwa na sa wayar jita tsatsa, a goge ta da ƙyalle in an gama.