Wa ya taɓa shuka ciyawar feskyu a Jos?

Baban Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya aiko min da irin ciyawa daga Amurka, leda biyu, wai ita feskyu. Ɗaya an rubuta mata Kentucky 31, ɗayar ta masu siririn ganye ce. Harabar gidana a Rayfield rabi rana, rabi inuwar mangwaro. Wacce zan zuba ina? Tana ma yi a nan kuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kentucky 31 doguwar feskyu ce. Idan ta fito za ka ga ganyen da faɗi, da layi-layi a samansa, in ka shafa gefensa da yatsa za ka ji kaushi. Tsiro take yi dunƙule-dunƙule, ba ta yaɗo, saiwarta kuma tana nitsewa ƙasa sosai. Ita ce ta wajen rana. Siririyar kuwa ganyenta kamar allura, ta fi jure inuwa, amma ba ta son a riƙa tattaka ta. In a ƙarƙashin mangwaron nan yara ke buga ƙwallo, ka haƙura da ita.

Hajiya Gwarinpa: Alhaji don Allah ka tsaya ka ji tawa kafin ka ɓarnatar da ruwanka. Ni a hannun wani mai sayar da fulawa a bakin titi na sayi irin, ya rantse min ciyawar Turawa ce, ba ta mutuwa. Muka shuka a Nuwamba. Wallahi lokacin hunturu ba a magana, koriya shar, duk baƙuwar da ta shigo sai ta tsaya ɗaukar hoto. Da Maris ya kama, zafin Abuja ya sauko, ta soma ja daga bakin katanga. Safe da yamma muna ban ruwa, burtsatsen ya ja baya, na koma sayen tanka. Da damina ta faɗi na ce to an tsira, ashe saura. Zafi da laima suka haɗu, ta riƙa ruɓewa zagaye-zagaye, wurin da ya mutu kuma ba ya rufewa da kansa, sai an sake zuba iri. Na koma wajen mutumin, buɗar bakinsa wai ni ce ban iya ban ruwa ba. Ƙarshe kiri-kiri ce ta mamaye wurin, na bar mata.

Ɗan Bukuru: Hajiya ai laifin garinku ne, ba na ciyawa ba.

Hajiya Gwarinpa: Ku da sanyi ke hana ku wanka, me za ku faɗa?

Injiniya: Duk da wasa ne, akwai gaskiya a maganarsa. Feskyu ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24, in ya haura 30 sai ta tsaya cak. Jos na kan tudu, wajen mita 1,200, shi ya sa take da ɗan dama a nan. Amma mu ma Maris da Afrilu ba sauƙi, kuma daga Nuwamba har zuwa lokacin ba ruwan sama.

Malam Mai Lambu: Ranka ya daɗe, kada ka zuba duka. Gwada ɗan wuri tukuna, wajen ƙarshen Satumba, ƙasa na da sanyi kuma ruwan sama ya rage ƙarfi, ba zai kwashe irin ba. Cikin mako biyu za ka ga tsiro. In ta tashi kada yaro ya aske ta ƙasa-ƙasa da adda, a bar mata tsawon santimita 7 zuwa 9. Ni dai da gidana ne, ciyawar kafet zan dasa a inuwar, kiri-kiri a rana.

Kawu: Oh ni. Mutum ya sayi ruwa ya shayar da abin da ba a miya da shi. Ka shuka kabeji da karas mana.

Maman Yara: Kawu har da dankalin Turawa ko? A ƙofar falo?

Likitan Dabbobi: Baban Biyu, kana ɗaure ragon layya a gida? Yawancin irin Kentucky 31 yana ɗauke da wata funfuna da ke zaune cikin jikin ciyawar. Ita ke ƙara mata juriya da korar ƙwari, amma dabba in ta daɗe tana ci sai ta rame, zafi ya riƙa damunta. Goɗiya mai ciki ta fi shan wahala. Wadda aka yanka ma kada a zuba musu.

Baban Biyu: Subhanallahi, har tunkiya biyu uwargida ke da su a baya.

Kawu: To ka ji. Ba ta miya, ba ta kiwo.

Ɗan Bukuru: Gara fa? Nawa kafet ɗin gara ce ta cinye shi da rani.

Malam Mai Lambu: Ɗanyen kashin shanu ka zuba, na san za a rina. A bar taki ya ruɓe tukuna.

Maman Yara: Ni mangwaron nake tambaya Alhaji, wane iri ne? In mai aure ne a ajiye mana namu.