Yaya sabon shugaban ƙungiya zai ƙulla hulɗa da manya ba tare da zubar da mutunci ba?

Sabon Shugaba: Assalamu alaikum. Kwanan nan aka zaɓe ni shugaban wata ƙungiyar masu casar shinkafa a Kura, kuma na lura cewa wanda na gada yana samun biyan buƙatunmu ne saboda sanayyarsa da ma'aikatan banki da manyan dillalan kasuwar hatsi ta Dawanau, alhali ni ban san kowa ba. Ta yaya zan kusanci irin waɗannan mutane ba tare da an ɗauke ni mai neman alfarma ba?

Dattijon Kasuwa: Wa alaikumus salam, Allah Ya taya ka riƙo. Ɗana, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su sauka a Salaga ko Kumasi haka kawai ba. Kowane ayari yana da maigidansa a zango, wanda yake ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan ana maganar bashi. Saboda haka ka fara da wanda ka gada: ka je gidansa da ƙafarka, ka roƙe shi ya gabatar da kai, domin mutumin da aka kai ka wurinsa da hannu yana sauraronka fiye da wanda ka buga wa waya. Bayan haka kada a riƙa ganinka sai ranar buƙata. Ka halarci ɗaurin aurensu da ta'aziyyarsu, tunda zumunci a ƙafa yake.

'Yar Banki: Na yarda da Baba, amma a wurinmu gaisuwa ba ta isa. Shugaban da muke ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ya zo da takardar rajistar ƙungiya da littafin shige da ficen kuɗi a tsare. Ina kuma ba ka shawarar zuwa baje kolin da KACCIMA, wato cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, take shiryawa a Kano, kuma duk wanda kuka yi musayar lamba da shi ka tuntuɓe shi cikin mako guda. Kada ka kai wa jami'i buhun shinkafa alhali takardarku tana kan teburinsa.

Tsohon Sakatare: Ranka ya daɗe, ka riƙa tafiya da sakatarenka da ma'aji duk inda za ka, don kada wanda zai gaje ka ya sake shiga halin da kake ciki yanzu.

Sabon Shugaba: Na gode ƙwarai. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je gidan tsohon shugaban tare da sakatarena, in sha Allah.