Wane horon Word da Excel ta intanet zan zaɓa wa ma'aikatanmu?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ni ce ke kula da harkokin ma'aikata a wurin aikinmu, kuma oga ya ɗora mini alhakin nemo horon da za a ba su ta intanet a kan Word, Excel, PowerPoint da Outlook. Mun kai mu ashirin. Akwai 'yan sashen kuɗi da ke wuni a cikin Excel, akwai masu buga wasiƙu, akwai kuma dattawan da ko ajiye fayil za su yi sai sun kira wani. Na leƙa LinkedIn Learning da Coursera da Udemy, kowanne na cewa shi ne gwani, har kaina ya ɗaure. Shi kuma oga burinsa kowa ya fito da satifiket. Wanne zan ɗauka? Kuma a haɗa kowa a kwas ɗaya ne, ko a raba su?

Mai kula da kwamfutoci a wani ofis:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye maganar kwas tukuna. Ki zaga teburan ma'aikatan ki ga wane samfurin Office ne, wato kunshin da ya haɗa su Word da Excel, a kan kwamfutar kowa. Ki buɗe Word, ki danna File, sannan Account, sunan zai fito a ɓangaren dama.

Ga dalili. Yawancin sababbin kwasa-kwasai da Microsoft 365 ake ɗaukarsu, wato Office ɗin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Malamin zai koyar da XLOOKUP, sabuwar fomular nemo bayani a cikin jadawali, ya yaba shi, ya ce a daina wahala da tsohuwar, wato VLOOKUP. To XLOOKUP ɗin nan babu shi a Excel 2016, babu shi a 2019, sai a 2021 zuwa sama da kuma 365. Haka fomulolin FILTER da UNIQUE. Ma'aikacinki zai rubuta fomula daidai yadda ya gani a bidiyo, Excel ya mayar masa da #NAME? a cikin akwatin, alamar bai san fomular ba, ya sake, ya sake, daga nan ya yanke cewa shi ne ba ya ganewa. Irin wannan mutum da wuya ya sake buɗe darasi na gaba.

Sannan ki sani Microsoft ta daina tallafa wa Office 2016 da 2019 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato babu sauran gyaran tsaro da zai zo musu. Idan su kuke amfani da su, wannan maganar ki kai wa oga kafin ta horo. In kuma wasu na aiki da kishiyoyin Office irin su Google Workspace ko LibreOffice, kwas ɗin Microsoft zai taimaka a fahimta, amma madannan ba wuri ɗaya suke ba.

Wani akanta:

A raba su, ranki ya daɗe. Kada ma ki yi shakka. In kika zaunar da mai haɗa albashi yana kallon yadda ake kaurara rubutu, barci zai yi. In kika jefa dattijo cikin PivotTable, wato hanyar taƙaita tarin bayanai a Excel, a makon farko, kin kore shi.

Amma kada ki raba su da tambayar "ka iya Excel?" Kowa zai ce ya iya. Ki ba kowa ɗan aiki irin wanda yake yi kullum. Ga jerin kayan da aka saya wata uku, fito mini da jimillar kowane wata. Ki tsaya a bayansa ki kalla. Za ki ga wanda zai jawo kalkuleta daga aljihun tebur, ya tara lambobin, sannan ya buga amsar da hannu a cikin akwati. Shekara da shekaru yana "aiki da Excel", bai taɓa rubuta SUM ba. Za ki ga kuma wanda zai gama kafin ki gyara tsayuwa. Da wannan kaɗai kin san rukunin kowa.

Abin da nake dubawa a kwas ɗin Excel shi ne ko yana koyar da wuraren da Excel ke yin ɓarna shiru. Ka buga lambar waya mai farawa da sifiri, ya share sifirin. Ka buga lamba mai tsawon da ya wuce alƙaluma 15, ya mayar da na ƙarshe sifiri, kuma ba zai gaya maka ba. Tsohon tsarin fayil na xls layi 65,536 yake ɗauka, sabon xlsx kuma 1,048,576. Kada a ɗauka ƙaramin abu ne: a 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa bayanan kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu da korona, na ɗan lokaci, saboda an yi amfani da tsohon tsarin, fayil ya cika, sauran suka zube. Kwas ɗin da ya cika da launuka da ado amma bai taɓa irin wannan ba, ni ban ga amfaninsa ga sashen kuɗi ba.

Wani matashi:

Hajiya ki tura su YouTube kawai. Komai yana can.

Wata malamar kwamfuta:

Ƙanina, komai yana can, gaskiya ne, amma wanda bai san sunan abin da yake nema ba me zai rubuta? Sakataren da ke buga wasiƙa ɗari ɗaya bayan ɗaya yana canza suna bai san akwai Mail Merge ba, balle ya nemi bidiyonsa. YouTube na wanda ya riga ya kama hanya ne.

Hajiya, ga bambancin ukun da kika ambata. Udemy kasuwa ce, kowa na iya ɗora kwas ɗinsa, don haka akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma na shirme. Ki duba ranar da aka sabunta kwas, ki kalli bidiyon gwaji da suke buɗewa. LinkedIn Learning shi ne tsohon Lynda.com, LinkedIn ta saye shi a 2015, ita kuma Microsoft ta sayi LinkedIn a 2016. Darussansa gajeru ne, da yawa suna zuwa da fayilolin gwaji, kuma tsarinsu na kamfanoni yana ba ki damar ba kowa kwas ɗinsa ki ga inda ya tsaya. Coursera ya fi kama da makaranta, jami'o'i da manyan kamfanoni ke shirya kwasa-kwasan, ana bin su mako-mako da jarrabawa. Ya dace da mai naci, amma ya yi wa mai buga wasiƙa nauyi. Dattawanki kuwa, ki fara musu da GCFGlobal, kyauta ne kuma daga tushe yake farawa, ko darussan da ke shafin tallafi na Microsoft.

Batun satifiket kuma, a nan nake so ki fahimtar da oga. Takardar da waɗannan shafuka ke bayarwa galibi shaidar kammalawa ce. A wasunsu mutum na iya kunna bidiyo ya tafi hira, ya dawo ya tarar an rubuta masa ya gama. In shaidar iyawa ake so, akwai jarrabawar Microsoft Office Specialist da Certiport ke gudanarwa. Minti 50 ce, a cikin manhajar kanta ake ba ka aiki ka yi, kuma sai ka ci 700 cikin 1,000. Akwai kuma ICDL, wata shaidar iya kwamfuta ta ƙasa da ƙasa. Ba kowa ne ke buƙatarsu ba. Mutum uku ko huɗu da aikinsu ya rataya a kan Excel sun isa.

Kuma ki nemi a buɗe muku na gwaji kafin a sa hannu a kan na shekara, ki ba mafi rauni a ofis ya gwada. Kada a yi cinikin biri a sama.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na zaga kamar yadda Malam ya ce, ashe a gauraye muke: sashen kuɗi suna kan 365, sauran kusan duk 2016. Yanzu damuwata lokaci. Oga na ganin tunda ta intanet ne, kowa ya yi a gida da dare.

Wani tsohon sakatare:

'Yata, in aka ce a gida da dare, to an gama da maganar. Wanda ya wuni a ofis ya koma ga iyalinsa ba zai buɗe darasin Outlook ba, kuma a waya zai kalla, alhali wannan abu sai hannu na kan madannai yake zama. A ware musu lokaci a cikin sa'o'in aiki, ko da rabin awa ne sau biyu a mako, a rubuta a jadawali, kada shugaban sashe ya aiki mutum a lokacin. A ba kowa abin sawa a kunne. Bidiyo a rabin allo, Word a ɗaya rabin, ya tsayar, ya gwada, ya ci gaba. Wanda Turancin malamin ya yi masa sauri ya rage gudun bidiyon ya kunna rubutun ƙasa.

Su kuma dattawan, ki kula da mutuncinsu. Kada a liƙa sakamako a bango. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da ofis ba zai so yaron da ya zo jiya ya ga yana neman inda fayil ya shiga ba. Ki haɗa kowannensu da wanda yake sakewa da shi. Kuma abin da ya koya yau, a ba shi aikin gaske da shi gobe. Ya koyi Track Changes, mai nuna gyaran da aka yi wa rubutu a Word? To wasiƙar gobe ta nan za a gyara masa, ba da jan biro ba.

Wata ma'aikaciya:

Ni dai ban goyi bayan a raina satifiket ɗin ba, Malama. Na ga yadda ƙananan ma'aikata ke murna da shi, wani ma shi ne takarda ta farko da ya samu tun barinsa makaranta. Yana sa mutum ya ƙarasa kwas. A ba su, oga ma ya samu abin da zai nuna. Sai dai kada a yi ƙarin girma da shi.

Wata malamar kwamfuta:

Na yarda, 'yar uwa. A ba su takardar, amma bayan wata ɗaya Hajiya ta sake ba su irin aikin da ta gwada su da shi da farko, ta ga ko kalkuletar nan ta koma aljihun tebur.

Mai tambaya:

Tambaya ta ƙarshe. Za mu iya buɗe asusu ɗaya kowa ya riƙa shiga da shi?

Mai kula da kwamfutoci a wani ofis:

A'a Hajiya. Lasisin waɗannan shafuka na mutum ɗaya ne, raba shi ya saɓa ƙa'idarsu, suna iya rufe asusun. Ko ba don haka ba, ba za ki san wa ya kai ina ba, kuma suna ɗaya ne zai fito a kan duk takardun. In kuɗin bai kai na kowa ba, a saya wa sashen kuɗi, sauran su fara da na kyauta. Sannan ki ja musu kunne: gwaji da fayilolin kwas ake yi ko da kwafin da aka cire sunaye, kada wani ya ɗora ainihin jadawalin albashi a shafin horo don malami ya duba masa.