Neman shawara kan sauya lasifikokin baya a ƙaramin falo

Baban Yara, Nima:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan sauti kafin in zuba kuɗi inda ba za su amfane ni ba. Shekara biyu ke nan da na haɗa kayan kallo a falona: risiba (injin da yake karɓar sauti ya raba wa lasifikoki) ta hannu mai tsarin 5.1, lasifika biyu masu matsakaicin girma a gefen talabijin, ɗaya a tsakiya, da wufa, wato lasifikar sauti mai kauri, a ƙasa. Na baya biyun kuwa ragowar wani tsohon saiti ne wanda injinsa ya ƙone a lokacin da ake yawan ɗauke wuta. Ba su wuce gwangwanin madara girma ba, kuma a bayansu an rubuta om 3. Na rataye su can kusa da silin, a bangon da doguwar kujera take jingine da shi, don kada yara su kai gare su.

Damuwata ita ce da ƙyar nake jin su, idan kuma na ƙara musu murya sai su riƙa tsiwa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, wani lokaci ma risibar ta kashe kanta a tsakiyar fim. Na ga wasu manyan lasifikoki na tsaye a Lapaz an rubuta musu wat 1000, kuma mai shagon ya ce in ƙara biyu a kai in koma tsarin 7.1, ko da hakan zai sa in canja risibar. Falon mita huɗu ne da biyar, gidan kuma na haya ne. Wace hanya ce ta fi?

Mai Gyara, Zongo Lane:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka cire waɗannan ƙananan daga jikin risibar yau ɗin nan. Ka leƙa bayanta, kusa da inda ake ɗaura wayoyi, za ka ga an rubuta adadin om (ma'aunin yadda lasifika take tare wuta) da take ɗauka, kuma yawancin risibobin gida daga 6 zuwa 16 ne, wasu kaɗan ne suke sauka zuwa 4. Lasifika mai om 3 tana jan wuta fiye da yadda aka gina amfilifayar da ke cikin risibar ta bayar, sai ta yi zafi, sai na'urar kariya da ke ciki ta kashe ta. Wannan mutuwar da take yi gargaɗi ne, kuma na sha karɓar irinta a shago bayan mai ita ya yi watanni yana kunnawa tana kashewa har abin ya ƙone. An ƙera waɗancan ƙananan ne don injin da suka zo tare, ba don wani ba.

Batun wat 1000 kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Sau da yawa lambar talla ce, ko da ta gaskiya ce ma, abin da take nufi shi ne ƙarfin da lasifikar za ta iya jurewa, ba ƙarar da za ta fitar ba. Lambar da ta fi amfani ita ce ta desibel, wato ma'aunin ƙara, da ake aunawa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Duk bambancin desibel 3 yana nufin ninkin wuta, saboda haka mai desibel 84 tana bukatar ƙarfi ninki huɗu kafin ta yi ƙarar mai 90. Ka nemi ƙanana irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta, masu om 6 ko 8, kuma idan ka samu na kamfani ɗaya da jeri ɗaya da na gabanka, su ne gaba, domin idan mota ta wuce daga gaba zuwa baya a fim, muryar injinta ba za ta canja a hanya ba.

Idan na hannu za ka saya, ka sa a buɗe ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye faifan da ke fitar da sauti. Na soso yana rududdugewa da shekaru, danshin Accra kuma ba ya raga masa, na roba ya fi daɗewa. Ka danna faifan a hankali da yatsu, in ka ji yana gurza wani abu a ciki, ka ajiye ta ka yi gaba.

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Maganar Mai Gyara daidai ce, amma ni a ganina rabin ciwon yana wurin da aka rataye su ne, kuma ko wace irin lasifika aka saya, muddin ta koma can kusa da silin a bayan kai, kukan ba zai ƙare ba. A tsarin 5.1, waɗanda muke kira na baya a gaskiya na gefe ne. Idan ka ɗauki talabijin a matsayin digiri sifili, ana son su kasance wajen digiri 110 ta dama da ta hagu, wato a gefenka, sun ɗan ja baya kaɗan, sannan su ɗara kunnen mai zama tsayi da kamar rabin mita. Tun da kujerarka tana manne da bango, ka kafa su a bangon gefe daidai da kujerar, suna fuskantar juna, in kuma za ka iya jawo kujerar gaba ko da taku ɗaya ne, za ka ji bambanci.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ban goyi bayan 7.1 a falonka ba. Ƙarin biyun ana sa su ne tsakanin digiri 135 zuwa 150, suna bukatar fili na gaske a bayan mai zama, kai kuwa bango ne a ƙeyarka. Mai shago kayansa yake son sayarwa, ba laifinsa ba ne, amma bai ga ɗakin ba.

Akwai wasu lasifikoki masu fuska biyu da ake yawan samu a cikin kayan gwanjo, waɗanda suke watsa sauti gaba da baya don kada a gane inda yake fitowa. Sun dace da zamanin tsarin sauti na Dolby Pro Logic na 1987, lokacin da sautin baya layi ɗaya ne tak aka raba wa lasifika biyu, kuma ba ya wuce kimanin hatz 7,000 (hatz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). Daga Dolby Digital, wanda ya shiga gidajen sinima a 1992, kowace ta baya ta samu layinta cikakke, Dolby Atmos na 2012 kuma ya ƙara son a san ainihin inda kowane sauti yake. Don haka na yau da kullum masu fuska ɗaya sun wadatar, sai dai idan kan mai zama a bakin kujera zai kasance dab da lasifikar, nan ne masu fuska biyu suke da ɗan amfani.

Bayan ka kafa su, ka shiga saitin risibar ka zaɓa musu Small, ka sa iyakar sautin ƙasa a hatz 80, ko 100 zuwa 120 idan ƙanana ne sosai, domin wufa ta ɗauke musu nauyin dukan. Ka auna nisan kowace daga kujera da tef ka shigar, saboda sauti yana cin kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa a kowace mita, kuma da wannan ne risibar take jinkirta na kusa. Idan makirfon awonta ya zo tare da ita, ita da kanta za ta yi aikin: a Denon da Marantz ana kiran tsarin Audyssey, a Yamaha YPAO, a Pioneer MCACC.

Hajiyar Madina:

Ni ba gwana ba ce, amma abin da ya faru a gidanmu zai iya yi maka amfani, ɗan'uwa. Mun canja na baya har sau biyu muna zargin su, ashe talabijin ce take tura sauti ta wayar haske a tsarin PCM, wanda layi biyu kawai yake ɗauka ta wannan wayar. Da aka mayar da shi Dolby Digital sai ga ruwan sama yana zuba a bayanmu. Wayar nan mai kai ja da fari ma layi biyu ce. Ka kuma tuna cewa labarai da wa'azi da mafi yawan bidiyon YouTube ba su da sautin baya tun asali, kuma ko a fim ba a yi su don su yi ta magana kullum ba. Ina roƙonka kuma ka tuna da makwabta, tun da gidan haya ne kuma bango ɗaya ya raba ku.

Baban Yara, Nima:

Allah Ya saka muku da alheri. Na duba bayan risibar, om 6 zuwa 16 aka rubuta, kuma tun da na cire ƙananan ba ta sake mutuwa ba. Talabijin ɗin ma a PCM na same ta, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Na fasa na tsayen da 7.1, zan nemi biyu masu om 8. Saura waya: daga risiba zuwa ta nesa, idan na bi gindin bango, mita goma sha biyu ne. Siririyar da ta zo da tsohon saitin za ta yi?

Mai Gyara, Zongo Lane:

Ba za ta yi ba, Malam. A wannan nisan ka sayi mai kaurin 1.5, wadda masu haɗa wutar gida suka sani, in ka samu 2.5 ma babu laifi. Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago, in cikin ya yi fari to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka nemi ta jan ƙarfe zalla. Wajen ɗaurawa, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a duka ɓangarorin biyu, kuma ka murɗe gashin wayar sosai don kada ko sili ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa a bayan risibar.