Wane littafi zan ba yaron da ke kwance duk abin da ya samu?

Maman_Biyu:
Slm jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ɗana mai shekara 11 ya ishe ni da kwance-kwance, rimot, tocila, tsohuwar fanka, har motar wasan ƙanwarsa bai bari ba, wai ɗan injin da ke juya taya yake so ya ciro zai haɗa robot da ita. Da faɗa nake yi amma yanzu na fara tunanin ko baiwa ce nake neman kashewa. To wane littafi kuka karanta da ya taimake ku a harkar robot ko injiniyanci? Ko na labaran yara da zai ja shi ya so karatu, don gsky shi da littafi ba sa ga maciji. Ni ma in akwai na gyaran kai ku faɗa min, na fara abu goma ban gama ɗaya ba.

Injiniya_K:
Wslm Maman Biyu, kar ki sake yi mai faɗa wlh, mu ma da haka muka fara, kawai ki raba shi da duk abin da ake jonawa a wutar gida, ya tsaya a na batir. Na farko ki nemo mai The Way Things Work na David Macaulay, tun 1988 ya fito, sun sabunta shi a 2016. Zane ne kusan duka, yana nuna cikin kwaɗon ƙofa da zip da famfo da giyar inji yadda kowanne ke aiki, ga wasu giwaye masu gashi irin na zamanin da suna ta shirme a shafukan. Yaron da ba ya son karatu zai zauna da shi awa guda bai ma san karatu yake ba.

In ya ɗan ƙara girma sai Make: Electronics na Charles Platt. Gwajin farko ma cewa yake ka ɗora batir mai bolt 9 a harshenka ka ji yadda wuta take, can gaba ya sa ka ƙona 'yar fitilar LED da gangan don ka san iyakarta. Wannan kam ki zauna kusa da shi lokacin da yake yi.

Amma wanda ni ya fi taɓa ni na manya ne, To Engineer Is Human na Henry Petroski, 1985. Maganarsa ita ce injiniyoyi sun fi koyo daga abin da ya rushe a kan abin da ya tsaya. Ya kawo labarin wani otal a Kansas City ta Amurka da gadojin tafiya guda biyu, ɗaya a saman ɗaya, suka rufto kan mutane a 1981, mutum 114 suka mutu. Asalin zanen doguwar sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta riƙe duka biyun, sai wajen aiki aka ga zai fi sauƙi a raba ta biyu, ta sama a rataye ta da rufi, ta ƙasa kuma a rataye ta da ta sama, shi ke nan mahaɗar da aka yi lissafin za ta ɗauki nauyin gada ɗaya ta koma ɗaukar na biyu. A takarda canjin kamar ba komai ba. Tun da na karanta wannan ban ƙara sa hannu a gyaran zane ba sai na sake lissafi daga farko, ko da kuwa ana ta min tsiya ina ɓata lokaci.

Ummu_Karatu:
Injiniya ka tafi da nisa, yaro ɗan 11 ake magana ka kawo mana rushewar gini lol. 'Yar uwa ki fara da labari tukun. The Wild Robot na Peter Brown, 2016, wata robot ce mai suna Roz ta tsinci kanta a tsibirin da ba mutum ko ɗaya sai dabbobi, ta koyi zama da su har ta raini ɗan dinya. Babi-babinsa gajeru ne sosai, shafi biyu uku an gama, to wannan ne ke yaudarar yaro ya ce bari in ƙara ɗaya. An yi fim ɗinsa a 2024 amma ki ɓoye mai wannan sai ya gama littafin.

Sai The Boy Who Harnessed the Wind, labarin gaske ne na William Kamkwamba ɗan Malawi. Yunwa ta sa ya bar makaranta don ba kuɗin biya, ya riƙa zuwa laburare, ya ga hoton injin iska a wani littafi, yana ɗan 14 ya haɗa nasa da ɓaraguzan keke da tarkacen bola har ya kunna fitila a gidansu. Akwai bugun da aka sauƙaƙa don yara. Kuma kar ki manta da Magana Jari Ce fa, yadda akun nan ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari haka yake riƙe yaran yanzu ma in an karanta musu da murya.

AbuZarr99:
Ni abin da ke ban haushi kowa in an ce robot sai ya fara daga Turai. Al-Jazari, wani injiniya Musulmi, ya kammala littafinsa na dabarun injina a 1206 a Diyarbakir ta Turkiyyar yau, na'urori kusan 50 da zanensu da yadda ake haɗa su, har da agogon giwa mai aiki da ruwa da injinan ɗaga ruwa da mutum-mutumin da ke zuba ruwan wanke hannu. Donald Hill ya fassara shi zuwa Turanci a 1974. Yaro ba zai iya karatun ba amma ki nuna mai zanen a intanet. Ita kanta kalmar robot daga wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920 ta fito, a yaren Cek robota aikin dole ne.

Batun gyaran kai kuma Anti ki yi haƙuri, ni na daina saye. Na karanta wajen shida duk magana ɗaya ce ake ja har shafi 300.

Ummu_Karatu:
Haba AbuZarr ba duka ba. Atomic Habits na James Clear ya min amfani, ko dokar minti biyu kaɗai, wato ka rage abin da kake son sabawa da shi har ya zama na minti biyu, maimakon zan karanta littafi sai ka ce zan karanta shafi ɗaya. Na yarda da kai dai rabin littafin maimaici ne.

Injiniya_K:
Na manta I, Robot na Isaac Asimov, 1950, gajerun labarai tara. Dokoki uku aka ba robot, kar ya cuci mutum, ya bi umarni, ya kare kansa, a jere haka, kuma kusan kowane labari yadda dokokin ke cin karo da juna ne. Amma ki bari sai ya kai 14 haka.

Maman_Biyu:
Kai na gode sosai Allah Ya saka da alheri. Zan fara da na Roz ɗin da mai giwayen. Na nuna mai agogon giwar yanzu a waya, ya tambaye ni wai ina batir ɗinsa yake, na ce ruwa ne, ya ce ƙarya ne. Malam AbuZarr dan Allah ya ruwan yake sa shi aiki, don ya tsare ni da tambaya kuma tuni na ga ya ɗauke min roba biyu daga kicin.