Wa ke da iko a kan ƙaramar makarantar gwamnati, kuma ina iyakar ƙarfin kwamitin gari?

Baban Hafsat:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da duk wanda ya san aikin ilimi daga ciki. A bana ne mutanen ƙauyenmu, wanda ke bayan garin Zariya, suka ɗora mini shugabancin kwamitin kula da makarantar firamarenmu, wato SBMC. Makarantar ƙarama ce ƙwarai: malamai uku ne har da hedimasta, da ɗakunan karatu uku, ɗaya daga ciki iska ta yaye kwanonsa tun farkon damina. Saboda haka 'yan aji ɗaya da aji biyu a ƙarƙashin darbejiya suke zama, an jingina musu allo da gindin itacen, kuma da zarar hadari ya taso sai a tashe su.

Abin da ya dame ni shi ne, duk matsalar da ta taso ƙofar gidana iyaye suke zuwa, alhali ban ga takardar da ta ba ni ikon ɗaukar malami ko gyara ɗaki ba. Wane ne ainihin mai ikon turo mana malami ko ɗauke shi? Ya halatta mu yanka wa iyaye kuɗin gyaran rufi? Sannan akwai ƙauyuka biyu maƙwabtanmu masu irin makarantarmu, har dattawa suna tunanin mu haɗu mu zama kamar ƙaramar hukuma guda mai gudanar da makarantun uku. Shin doka ta san irin wannan?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Tsarin hawa uku ne, kuma wajibi ne ka san shi kafin ka buga ƙofar kowa. A sama akwai hukumar UBEC ta tarayya, wadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa, kuma ta ware mata aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya. Jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. A tsakiya akwai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Kaduna, ita ce ke ɗaukar ƙwararrun malamai da bayar da kwangilar gini. A ƙasa kuma kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar tana da hukumar ilimi ta yanki ƙarƙashin sakataren ilimi, kuma a ofishinsa ake rarraba malamai tsakanin makarantu, daga nan ne kuma jami'an duba makarantu suke fitowa. Don haka maganar ƙarin malami daga teburinsa take farawa.

Game da kuɗi, ka yi hattara sosai. Wannan doka ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta. Gudummawar da gari ya yi da son ransa ba ta cikin wannan. Idan wani ya ba da bandir na kwano, wani ya ba da buhun masara bayan kaka, kafinta ya ba da aikin hannunsa, matasa suka yi gayya, babu laifi, muddin ba a kori yaro ko ɗaya daga aji don ubansa bai bayar ba. A rubuta komai cikin littafi, a karɓi rasit, ma'aji ya karanta lissafin a bainar jama'a.

Kwamitinku ba ya ɗauka ba ya kora, amma kada ka raina abin da ke hannunsa. Kuna da haƙƙin duba rijistar zuwan malamai da ta yara, da tsara abin da makaranta ke buƙata a shekara tare da hedimasta, wanda shi ne sakatarenku, da kai rahoto a rubuce. Na ga bambanci da idona lokacin da shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihar nan. Garin da ya zo da takarda mai ɗauke da yawan yara aji-aji, da sa hannun dagaci da limami da wakiliyar mata, ya ajiye kwafi, ya dawo ya bibiya, shi ake fara tunawa da shi ranar rabon malamai. Koken baki kuwa a bakin ƙofar ofis yake ƙarewa.

Maman Abba:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara abin da ake gani daga cikin aji, domin ni malama ce a wata makarantar karkara irin taku. Yallaɓai shugaban kwamiti, samun malami abu ɗaya ne, zamansa kuma wani abu ne daban. Mafi yawanmu a cikin gari muke zaune, Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin Birni, kuma kuɗin abin hawa na kullum yana cin babban kaso na albashi. Idan damina ta nutsa, hanya ta yanke, malamar da ta bar gida tun bayan asuba sai ta iso makaranta ana shirin tashi tara. Idan rijista kawai kwamiti ya riƙe yana kai ƙara, ba tare da ya tambayi dalili ba, abin da zai biyo baya shi ne malamin ya nemi a sauya masa wurin aiki, ku koma ku biyu.

Garuruwan da suka riƙe malamansu ɗaki suka samar musu a gidan mai unguwa ko kusa da masallaci, suka kuma nemi a turo musu 'ya'yan yankin masu takardar shaidar malanta ta NCE, waɗanda kwalejin ilimi ta nan Zariya ta yaye da yawansu suna zaune ba aiki. Bayan jarrabawar da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda aka ce 21,780 sun faɗi kuma aka sallame su, an ɗauki sababbi, amma ƙananan makarantun nesa ne suka fi jin jiki kafin a cike gurbi, domin makaranta mai malamai uku in ta rasa biyu ta tsaya ke nan.

Ina kuma roƙonka kada kujerun mata a kwamitin su zama na suna kawai. Uwa ce ta san dalilin da ya sa yarinya ta bar aji huɗu ta koma talla, kuma sau da yawa dalilin bai wuce rashin makewayi mai ƙofa ba, abin da ba za ta iya faɗa a zauren dagaci gaban maza ba. A ware musu zamansu, wakiliyarsu ta kawo muku saƙon.

Ɗan Samaru:

Ranka ya daɗe, zan taɓa tambayarka ta uku, tunda ita ce ba a amsa ba. Abin da dattawanku suke hange akwai shi a duniya. A Amurka makarantun gwamnati suna ƙarƙashin gundumomin ilimi fiye da 13,000, mafi yawansu mazauna yankin ne ke zaɓen 'yan majalisar da ke gudanar da su, majalisar kuma ta ɗauki shugaban gudanarwa, ta amince da kasafi, ta ɗauki malamai. A jihohi masu faɗin karkara irin su Montana akwai gundumomin da makarantarsu guda ce, har mutum ɗaya ya haɗa shugabancin gunduma da na makaranta. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne babban kaso na kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa. Duk da haka ƙanƙanta tana da tsada: a ƙarshen shekarun 1930 gundumomin sun haura 100,000, aka yi ta haɗe su saboda ƙaramar gunduma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙwararrun malamai da motar ɗaukar yara ita kaɗai, kuma yanki matalauci makaranta matalauciya yake samu idan jiha ba ta cika masa ba.

A nan kuwa kundin tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya sa ta shiga cikin samar da ilimin firamare tare da jiha, kuma babu wani mataki a ƙasa da ita mai ikon karɓar haraji ko ɗaukar malamin gwamnati. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma muhimmanci a wannan magana, tunda daga wannan kason ake cire albashin malaman firamare, amma bai ƙirƙiri hukumar ƙauyuka ba. A ganina ku haɗu, amma a matsayin zauren kwamitoci uku masu kai takarda ɗaya, kowane kwamiti yana riƙe da asusunsa da littafinsa. Haɗa asusu shi ne zai fara jawo zargi tsakanin garuruwan.

Baban Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saura abu ɗaya. Akwai wani yaron garinmu mai NCE da ya yarda ya riƙa koyar da 'yan aji ɗaya idan gari zai ba shi ɗan abin sabulu a wata. Za mu iya sa shi ya fara?

Tsohon Hedimasta:

Za ku iya, Malam, amma da sanin hukuma. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi cewa kwamiti ya samo malamin sa-kai, a haɗa da kwafin takardunsa, a jira amincewa kafin ya shiga aji, domin duk abin da ya sami yaro a hannunsa hedimasta za a tambaya. Ku yanke abin da za ku iya biya har cikin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ku faɗa masa gaskiya cewa wannan ba ɗaukar aikin gwamnati ba ne. A cikin takardar kuma ku bayyana cewa buƙatarku ta ƙarin malami na dindindin tana nan, don kada a ga aji ya samu mai koyarwa a cire sunanku daga jerin masu jira.