Za a naɗa manaja a gidan burodi: me ya kamata a danƙa masa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Gidan burodi ne mai ma'aikata 18, tanda biyu, ana aikin dare da na rana. A ɗaga babban mai kwaɓi ya zama manaja tunda ya fi kowa sanin aikin, ko a ɗauko na waje? Kuma takamaimai mene ne aikinsa?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓi mutum, a fara rubuta aikin. Kowace yamma manaja zai tattara odar dillalai, ya yanke buhu nawa za a kwaɓa gobe, ya raba ma'aikata. Amma inda ake gane manaja shi ne bin diddigi.

A yi gwaji a gabanka: buhun fulawa mai kilo 50, a auna sukari, yis da bota, a ga burodi nawa ke fita. Wannan adadin ne ma'auni. Daga nan kullum a rubuta buhun da ya fita daga sito, burodin da ya fito daga tanda, wanda ya ƙone, wanda dillalai suka dawo da shi, da kuɗin da ya shigo. A ce buhu na ba da 100, sai ya koma 92. Ko an daina ɗora curin ƙullu a sikeli ana yanka da ido, ko ana ɗibar fulawa, ko burodi na fita ta ƙofar baya. Manajan da bai gano wannan cikin kwana biyu ba, ba ya duba littafi.

Kuma mai makullin sito kada ya riƙe kuɗi, mai karɓar kuɗi kada ya rubuta littafin sito. Ko ɗan'uwanka ne.

Hajiya Mai Shago:
Ni batun ɗaga mai kwaɓin ne ya tsaya min. Tun 1955 wani masanin harkar gudanarwa, Robert Katz, ya kasa ƙwarewar manaja gida uku: iya aikin hannu, iya zama da mutane, da hangen harkar gaba ɗayanta. Mai kwaɓinka na da ta farko, sauran biyun ba ka gwada ba. Abin da ke faruwa shi ne da aiki ya rikice sai ya koma bakin tanda, bashin dillalai ya taru ba mai bi, kuma ya ji nauyin tsawata wa waɗanda suke cin kwano ɗaya. Ka yi asarar gwanin kwaɓi, ba ka samu manaja ba.

Ban ce a hana shi ba. A ba shi wata guda ya riƙe jadawalin aiki da littafi, ba tare da ya taɓa ƙullu ba. In ya iya, ya fi baƙo, domin ba wanda zai yi masa wayo a ma'auni.

Abu Safwan:
A ƙara da hukuma, nan ma wuyan manaja ne: rajistar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da sabunta ta, gwajin lafiyar ma'aikata, da tabbatar da ba a saka sinadarin bromate, wanda aka haramta. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Kuma tunda kun wuce mutum 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanku: mai gida ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikaci kashi 8.

Baban Ummi:
Na gode. To kashe kuɗi da sallamar ma'aikaci fa?

Hajiya Mai Shago:
Yanke masa iyaka a rubuce, misali naira 50,000 na gyaran janareta ko itace ba sai ya kira ka ba. Gargaɗi da dakatarwa nasa ne, sallama sai da sa hannunka. In ma'aikaci ya tsallake shi ya kawo maka ƙara, saurare shi, amma hukuncin ya fito daga bakin manaja, in ba haka ba gobe ba mai jin maganarsa.